Jirgin Kawu da Ƙofar Zaure

Ni dai tun tasowata abin da aka gama ba ya ɗaɗa ni da ƙasa. Ka kawo mini riga ɗinkakkiya, an buge ta tana sheƙi, in ce madalla in kau da kai. Amma ka ce mini ga can ana haƙar karofi an kai gwiwa, ko an fara jera tubali a gidan wane, wallahi ko lomar tuwo ce a hannuna sai na ajiye na tafi. Allah kuma ya dube ni ya ba ni sana'ar da ba ta ɗaure mutum wuri ɗaya, wato ɗinkin hula. Allura da zare a aljihu, buzu a kafaɗa, duk inda aiki ya tashi a garinmu nan ne rumfata a ranar.

Garin namu ƙarami ne, mai ganuwa, kusa da Wagini. Abin da nake faɗa ɗin nan tun kafin zuwan Nasara ne, zamanin da ake kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda mahayan Maraɗi. Ina da mata da 'ya'ya lokacin, gemuna ya cika, amma yawon kallon aiki bai sake ni ba. Ina da hujja kuwa. Innata ƙafafunta sun riƙe, ba ta fita, kuma Allah bai halicci mai son labari kamarta ba. Kullum bayan la'asar sai in zauna bakin ɗakinta in zazzage mata garin kaf: albasar lambun bakin fadama ta fara kai, an sake wa jigo igiya, babar da aka zuba a marina shekaranjiya ta fara kumfa, masaƙin bayan masallaci ya tsinke zare ya zagi kaza. Tana ji tana gyaɗa kai, sai ta ce, "Kai dai in ka ce kamu huɗu na san biyu ne. Ci gaba."

Matsalata ɗaya, bakina. Wata shekara maƙwabcinmu yana ginin rumbu, ya kai wuya, na tsaya na ce wannan rumbu ko iska ta zo da danginta ba ta iya masa. Kashegari da hantsi rumbun ya zauna a ƙasa. Kowa ya san an yi gaggawar ɗora ɗanye kan ɗanye, amma wa zai zargi magini ga ni tsaye? Tun ranar aka ce ina da kambun baka. Marina suna hango ni sai su jawo faifai su rufe karofi. Aka yi mini doka a gari: in zauna in kalla, ba mai hana ni, amma abin da zai fito daga bakina bai wuce "sannu da aiki" ba. Na ji zafin dokar nan ƙwarai, don mutum irina a hana shi yabo kamar a hana shi tari ne.

To, a shekarar da nake son ba da labarinta, ayyuka biyu suka tashi a gida ɗaya, gidan kawuna, ƙanen Inna.

Kawu masassaƙi ne. Turmi, akushi, ƙota, kujerar mata, duk garin hannunsa ne. Yana saurayi ya taɓa bin fatake Gwanja sayen goro, aka ƙetare da shi Kwara a cikin jirgi, shi da jakuna. Tun daga nan bai dawo daidai ba. Duk wanda ya zo sayen turmi sai an ƙetare da shi Kwara kafin a yi ciniki. Mu kuwa ruwan da muke da shi gulbin nan ne da ke tsakaninmu da Batsari, wanda da rani yashi ne zalla, sai an tona ake samun na sha. Amma in marka ta yi sai ya cika ya batse, ya raba mu da kasuwa. Mai larura sai ya rungumi ƙaton gora, kayansa a ka, masu fito suna tura shi yana salati.

Iskar ƙarshen damina ta kayar da wani tsohon maɗaci da ke can ƙuryar gidan Kawu. Mutane suka zo jaje, suna cewa ai arziki ne ya faɗo, turmin gari guda ke nan. Kawu ya zagaye gungumen, ya dafa shi, ya ce, "Wanga ba turmi ba ne. Jirgi ne."

Dariyar da aka yi a garin nan ba ta faɗuwa. Wasu suka ce Kawu zai tafi Makka ta gulbin Batsari. Wasu suka ce a bar shi, in ya gama an sami kwamin shayar da shanu. Ni kaɗai ban yi dariya ba, don murna ta hana ni. Jirgi! A garinmu! Kuma tun daga sarar farko! Na kwashi buzuna na tare a gindin gungumen. Kawu ya kewaye wurin da zana saboda idon mutane, ya dube ni ya ce, "Zamna, amma in ka yabe shi ko da tari ne, gizagon ga kanka zai sauka."

Wata rana yana hutawa, tari ya sarƙe shi har ya dafa ƙasa. Da ya lafa sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ƙarhin da ya rage mani na bana ne. In ban gan shi bisa ruwa ba markar ga mai zuwa, to ba ni ganinai." Maganar nan ta zauna mini a ƙirji.

Aiki na biyu na babban ɗansa ne, taubashina, wanda yake magini. Shi ma a ranin nan ya ga darnin kara ya ishe shi, ya ce zai zagaye gidan da katanga ya kafa zaure irin na birni. Tsakanina da shi wasa ne tun muna yara, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Amma tsakaninsa da Kawu akwai kunyar ɗan fari, irin ta mutanen da, wadda ba ta da sassauci. Kawu bai taɓa kama sunansa ba. "Wancan yaron" yake ce masa, ga shi da furfura ta fara tsiro masa. Ba sa cin abinci tare, ba sa haɗa ido. In Kawu zai wuce ta wurin ginin sai ya sunkuyar da kai ya yi sauri, kada a ce ya tsaya kallon aikin ɗansa. Shi kuma taubashin nawa ko kusa da zanar nan ba ya zuwa.

Ni ke nan na zama mai gida biyu. Da safe ina ƙurya, da rana ina ƙofar gida, kuma ban taɓa jin daɗin rani kamar wannan ba. A ƙurya Kawu ya ɓare gungumen, mata suka kwashe ɓawon don maganin ciki. Ya daidaita bisansa da gatari, sannan ya riƙa zuba garwashi yana ƙona cikin kaɗan kaɗan, yana bi da gizago yana ƙwaƙule gawayin. Jajayen ɓarɓashi suka rufe ƙasa, ɗacinsu har a harshe. Hancin jirgin ya fi ba shi wahala, don daga ka yake ɗauko shi. Sai ya rufe ido, ya tuno Kwara, ya buɗe ya sare ɗan yatsa guda, ya koma ya zauna. A ƙofar gida kuwa ana kwaɓa ƙasa da ƙafa, ana mulmula tubali ana shanyawa, taubashina yana bisa gini ana jefa masa yana cafewa. Katanga ta tashi ta wuce tsayin mai doki. Zaure ya bi ta.

Da yamma in kwaso duka in kai wa Inna. "Inna, yau na shiga cikin jirgin na kwanta, da sauran wurin mutum uku!"

"To, mutum ɗaya da rabi ke nan," in ji ta. "Zauren hwa?"

Ana gab da ɗora azara ne wani tunani ya faɗo mini ina tsakiyar ɗinki, har na soke yatsa. Da can darni ne, in za a fitar da babban abu sai a ɗage shi. Yanzu fa? Bayan gidan ganuwar gari ce, ba mai taɓa ta. Dama da hagu katangun maƙwabta ne da rumbunansu cike da hatsi. Hanya ɗaya ce, zaure. Na faki idon Kawu na sami karan dawa na auna cikin jirgin inda ya fi faɗi, na ruga na kara a ƙofar zaure ta ciki. Karan ya ƙi shiga.

Ba halin in faɗa wa Kawu, don an rufe mini baki a wurinsa. Sai na tari taubashina.

"Kai gwanin magina, ƙohwar ga taka ta ɓeraye ce? Jirgin tsoho ba shi wucewa."

Ya leƙo daga bisa gini ya ce, "Ji mai kambun baka! Rumbun mutane bai ishe ka ba sai ka zo ma zaurena? Tahi ka ƙarasa hular da ka fara tun bara."

Na jingine masa karan a bango na tafi ina ƙunƙuni. Da na dawo da safe sai na tarar an rushe gefen ƙofar an ƙara mata faɗi, ta ciki da ta waje duka, karan kuma ya ɓace. Na ce, "A'a, wa ya taɓa ƙohwa?" Taubashina ya ce shi dai ya ga raƙumi zai iya zuwa baƙunci. Ranar na yi tafiya kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba. Na gaya wa Inna na ceci jirgi, ta ce to na ceci rabinsa.

Aka rufe zaure, aka shafe shi da makuba, taubashina ya zauna ya yi wa fuskarsa zane da hannunsa, irin wanda sai a birnin Katsina ake gani. Mutane daga Runka ma in sun biyo sai sun tsaya. Shi ne aikin da ya fi kowane aiki a rayuwarsa, kuma ya san haka. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman fari. Kawu ya goge jirginsa da man kaɗe. Marka ta kama, gulbi ya kawo.

Ranar gayyar fitar da jirgi garin kaf ya hallara, har masu cewa kwami ne, su ne ma a gaba. Aka yaye zana. Sai wurin ya yi tsit, don abin ya fi yadda nake faɗa, ni da ake cewa ina ƙari. Aka jera itatuwa a ƙasa, aka ɗaura igiyoyin rama, makaɗi ya saki ganga. Ja! Jirgi ya motsa. Mata suka rangaɗa guɗa. Aka bi da shi ta tsakar gida, kaji suna watsewa, har bakin zaure. Hancin ya shiga ƙofar ciki, cikin ya bi, ko gogar bango bai yi ba. Ina tsalle ina ihu, na manta da doka, ina cewa, "Ni na auna! Ni na auna!"

Sai muka ji ƙum.

Duk wanda ya taɓa shiga zaure ya san ƙofofinsa biyu ba sa kallon juna. Ta waje tana nan, ta ciki tana can gefe, don kada mai wucewa ya hango matan gida. Haka kakanninmu suka gina, haka taubashina ya gina, haka kowannenmu yake shiga yana karkatawa tun yana rarrafe, har ba ma sanin muna karkatawa. Mutum yana lanƙwasa. Jirgin maɗaci ba ya lanƙwasa. Hancinsa ya daki bangon da ke fuskantar ƙofar ciki, rabinsa a zaure, rabinsa a cikin gida, ƙofar waje kuwa tana can gefe a buɗe, faffaɗa, ba abin da ta tsinana.

Aka ja dama, aka ja hagu, aka kwantar da shi a gefe, aka tayar. Wani ya ce a jiƙa shi ko zai yi laushi. Wani ya fara dariya, sai ta kama kowa, ƙarti suna faɗuwa kan igiya suna riƙe ciki. Kafin a dawo hayyaci hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge, kowa ya gudu. Kashegari kuma gonaki suna jira, ciyawa ba ta san gayya ba. Aka bar jirgi a inda yake.

Kwanakin da suka biyo baya, Allah ya gafarta mini, na yi dariyar da ban taɓa yi ba. Jirgin ya toshe ƙofar ciki, don haka duk mai shiga gidan ko fita sai ya hau ta hanci, ya taka cikinsa, ya sauka ta gindi. Mata da tulu a ka, yara da tallan fura, liman da ya zo duba mara lafiya yana tattare riga, har awaki. Akuya ɗaya ma ta ga wurin ya yi mata, ta haihu a ciki. Aka riƙa cewa jirgin Kawu ya fara fito, a tudu. Da na kai wa Inna wannan, dariya ta sa ta manta ta raba biyu.

Amma Kawu bai yi dariya ba. Ya koma ƙurya inda gungumen ya taɓa kwanciya, ya zauna cikin ɓarɓashi, abinci ma sai an matsa. Kowa ya san maganin abin: a fasa bangon da hancin ya daka, wato fuskar zauren, mai zanen nan. Kuma kowa ya san Kawu zai mutu bai buɗe baki ya nemi haka daga ɗansa ba. Gulbi kuwa ya fara ja da baya, ana ganin alamar ruwa a jikin gaɓa.

Wata safiya na same shi yana wasa gatari. Na ce, "Sannu da aiki, Kawu." Ya ce, "In rana ta ɗaga ka kira mani mutum biyu. Raba shi za mu yi. Sun ce kwami, to su samu kwami biyu, gida shi samu hanya." Dariyata ta ƙare a nan. Na ji kamar ni za a sara.

Ban kai ga amsawa ba sai muka ji bugu daga ƙofar gida. Dum. Dum. Kawu ya tsayar da hannu.

"Mi ake bugu?"

"Ban sani ba, Kawu."

Ya daɗe yana kallon gatarin. Sannan ya ce, "Kai mai baki. Tahi ka gano, ka zo ka hwaɗa mani."

Na ruga, na bi ta cikin jirgin na faɗa zaure. Taubashina ne. Ya tokare rufin da azara biyu, ya fita waje, yana tsaye gaban zanensa da sangwamin haƙar ƙasa, yana sara tsakiyarsa. Makuba tana ɓarewa tana zuba a ƙafarsa. Na buɗe baki zan tsokane shi, na ga fuskarsa, na rufe.

Na koma da gudu. "Kawu, bangon ne. Ya tokare rufi, ya fara daga tsakiyar zanen."

Kawu bai ɗago ba. "Koma."

Haka na yini ina safa da marwa ta cikin jirgi. Ya huda, haske ya shigo. Ramin ya kai a zura kai. Ya kai ƙugu. Maƙwabta sun kawo hannu, ya ce su bari, shi ya gina. A duk rayuwata ba a taɓa aike ni in kallo aiki in kawo labari da izini ba sai ranar, kuma ban ƙara ko ƙwayar gero a kan abin da na gani ba. Da na zo na ce hancin jirgin yana kallon hanya, sai Kawu ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Ya ci wani abu kuwa tun sahe?" Na ce ban gani ba. Ya ture mini ƙwaryar furarsa da ba a taɓa ba, ya ce, "Kai ma wancan yaron. Kada ka ce daga ina."

Kashegari da safe, wannan karon ba a kira gayya ba, mutane da kansu suka bar gonaki. Aka ja jirgi ta ɓarakar, ta ƙofar gari, har bakin gulbi, da ganga da guɗa. Inna ta ce ita fa ba za a ba ta labarin wannan ba, sai da aka ɗora ta a jaki. Aka tura shi ruwa. Ya yi tangaɗi, ya karkata kaɗan ta hagu, sannan ya zauna daram yana lilo. Ihun da aka yi na tabbata an ji shi a Batsari. Ni kuka nake ina dariya, ina faɗa wa na kusa da ni abin da shi ma yake gani da idonsa.

Aka kama Kawu aka shigar da shi, aka miƙa masa doguwar gora ta tuƙi. A nan ne gari ya gano abin da ba wanda ya taɓa tambaya: a Kwara Kawu zama kawai ya yi, wasu suka tuƙa. Ya soka gorar, jirgi ya juya. Ya sake sokawa, ya sake juyawa, yana zagaye wuri ɗaya, masu fito suna iyo suna riƙe da igiya suna shan ruwa don dariya. Kawu ya tsaya yana haki. Ya dubi gaɓa, ba wurin da ɗansa yake ba, ya ce, "Ku ce ma wancan yaron shi shigo, in yana so."

Taubashina ya shiga ruwa har ƙirji, da jar ƙasar bangonsa a gashin kai, ya haye. Ya karɓi gorar ba tare da sun dubi juna ba. Shi ma bai iya ba, amma yana da ƙarfi. Jirgi ya yi wani irin tangaɗi, Kawu ya kai hannu ya damƙi kafaɗarsa, kuma da jirgin ya daidaita bai ɗauke hannun ba. A haka suka tafi a karkace har gaɓar can.

Mutanen da ke can da kayan kasuwa suka taso za su shiga. Muna hango Kawu yana kaɗa musu hannu ɗaya, su dakata. Jirgi ya juyo. Da suka iso wajenmu muka matso mu ma, kowa yana son ya riga, sai ya ce, "Ku dakata tukuna. A sake komawa."

Damina ta gaba ba ta tarar da Kawu ba. Amma ranar nan har aka kira la'asar suna kai da kawowa su biyu, ba su ɗauki ko mutum ɗaya ba, kuma ba wanda ya yi ƙorafi.